Bindigar da Malam Ya Ba Ni In Saurara

Malam ya rasu bara, bayan an gama yankan gero. Har yanzu idan aka yi sallama a zaure sai in waiga wurin da yake zama don in gaya masa. Sai in tuna, in yi kukana, in share fuska, in ci gaba da abin da nake yi. Ba na ɓoye wa kowa. Babbar 'yata ce take rubuta wannan da nake faɗa, kuma na ce mata ta rubuta duka, har wurin da ban kyauta ba.

Shekara da shekaru Malam yana da injin niƙa a bakin layinmu a unguwar Shamaki. Injin ya ciyar da mu, shi ne kuma ya cinye masa kunne. Abin bai zo a rana ɗaya ba. Ya fara da ƙure muryar rediyo har maƙwabta su ji labarai a gidanmu. Daga baya sai a yi masa magana ta hagu ya wuce abinsa. Kunnen dama ne ya rage da ɗan sauran ji, shi ma sai an matso. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba. A majalisa idan aka yi dariya sai ya yi, idan aka yi shiru sai ya gyaɗa kai. A cikin gida ma ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba, ni da shi.

Sai na zama ni ce kunnensa. Idan an kira salla ni nake taɓa masa kafaɗa. Idan wani ya shigo ya yi magana, sai Malam ya juyo ya ce, "Me ya ce?" In matsa kusa da kunnen daman in maimaita. Muryata kaɗai yake kamawa ba wahala, yana cewa wai don ta fi injin tsini. Abin da na faɗa masa shi ke nan, ba ya sake tambayar kowa.

Ni kuma sana'ata tukwane. Ba ni nake ginawa ba, matan ƙauye ne suke kawo mini, in saya in ajiye a ɗaki guda, matan unguwa su aiko a saya. Tukunya, randa, tulu, kasko. Ba na karɓar ko ɗaya sai na ɗora ta a tafin hannu na ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Lafiyayya tana amsawa da murya mai tsawo. Mai tsaga, ko ido bai ga tsagar ba, amsarta gajera ce, ta yi ƙwas ta mutu. Mai tukwane Malam yake kira na idan yana cikin nishaɗi. Idan maganar mai nauyi ce sai ya ce Hajiya.

Muna da gona a bayan gari, kusa da wasu duwatsu, birai suna saukowa suna yi wa masara ɓarna. Malam yana da bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsa, ƙirar maƙera, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ta tsufa ƙwarai, kuma wahalarta ta sa ba ya yawan fita da ita. Amma tun yana saurayi yake son mai baki biyu, irin ta da, wadda bututun nan biyu suke kwance kafaɗa da kafaɗa, a karya ta a tsakiya a sa harsashi ta baya. Tun ina amarya nake jin zancenta. Yakan ce ba zai mutu ba sai ya riƙe tasa. Ni dai in ce Allah ya ba da iko, don ban taɓa zaton za ta zo ba.

Ƙaninsa ne ya kawo labarin, wata damina. Ya ce akwai wani dattijo mutumin Tangale, Kirista, tsohon ma'aikacin gandun daji, ya yi ritaya ya gina gida a Tumfure, can bakin gari. Yana da irin wannan bindiga tun zamanin aikinsa, da takardunta. Hannunsa ya fara rawa, yana so ya rabu da ita, amma sai ga wanda ya san darajarta kuma zai bi ta wurin hukuma a mayar da lasin da sunansa. Aka sa rana zai kawo ta a gani.

Da safen ranar ina wanke-wanke Malam ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna kusa da ni.

"Hajiya, yau zan ba ki aiki."

Ya yi mini bayani a hankali. Ya ce bututun biyu da dalma ake haɗa su, da wani siririn ƙarfe a tsakani. Idan ɗaurin ya saki, ko ƙarfen ya tsage a wurin da ido ba ya kaiwa, ruwa yana shiga, tsatsa ta yi ta ci ta ciki. Wata rana a harba ta fashe, kuma daidai wurin da mutum yake riƙewa da hannun hagu take fashewa. Masu sani suna rataye bututun su ƙwanƙwasa. Lafiyayye yana kuka kamar ƙararrawa.

"Sauran duka idona da hannuna za su duba," in ji shi. "Wannan ɗayan aikin mai tukwane ne."

Na ce to. Amma raina bai so ba. Na san idan ya sami bindigar kirki ba a gona zai tsaya ba, daji zai riƙa shiga neman zabi. Mutumin da ba ya jin an kira shi daga baya. Ba ya jin takun shanu, ba ya jin makiyayi yana magana a bayan kurmi, ba ya jin hucin maciji. Ina so in faɗa masa haka, amma faɗar ita ce in ce masa ba ka ji, Malam. Bakina ya ƙi.

Wajen hantsi suka iso, dattijon da ƙanin Malam. Na tsaya a bayan labulen ƙofar da ke shigowa daga zaure, ina leƙe ta gefe. Dattijon dogo ne, siriri, da farin gashi, ya sa riga da wando irin na ma'aikata. Ya kwance wani tsohon bargo a kan tabarma, sai ga bindigar. Ko ni da ba na son ta sai da na ce tubarkalla a raina. Itacen ya yi duhu yana sheƙi don yawan riƙewa. A jikin ƙarfen, kusa da kunamun nan biyu da ake ja, an zana ganyaye da wasu 'yan tsuntsaye, zanen ya fara shafewa.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya ture wani ɗan ƙarfe a sama, ta buɗe a tsakiya. Ya leƙa ya tabbata ba komai a ciki. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallon cikin bututun dama, sannan na hagu, yana neman wurin da tsatsa ta yi rami. Ya bi bayansu da yatsu tun daga gindi har baki, sannu a hankali, ko zai ji wurin da ya lotsa ko ya kumbura. Ya rufe ta, ya riƙe ta ya girgiza ya ji ko mahaɗar tana motsi. Ya yagi 'yar takarda ya gwada cusa ta a mahaɗar, ta ƙi shiga. Ya juya itacen ya duba wuyansa, inda ya ce nan yake fara tsagewa. Ƙaninsa ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen, suka gwada da ta takarda. Sannan Malam ya miƙe ya ɗora ta a kafaɗa, ya sauke, ya sake ɗorawa. Na ga fuskarsa. Na yi shekaru ban ga wannan fuskar ba.

"Malam," in ji dattijon, "ranar da na je neman aure ma surukaina ba su duba ni haka ba."

Ƙanin ya yi dariya. Malam ya ga ana dariya, shi ma ya yi, a makare.

Ya cire ɗan itacen da ke ƙarƙashin bututun, ya raba bindigar biyu. Ya ce, "Yallaɓai, bari in shiga da wannan ciki. Hasken tsakar gida ya fi."

Na yi sauri na koma gindin bishiyar dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Ya shigo, ya ɗaura zare a wata 'yar ƙugiya da ke gindin bututun, ya rataye a reshe. Ya ciro makullin shagon injin daga aljihu. Ya dube ni, na matso. Ya ƙwanƙwasa na dama.

Ban taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan murya ba. Siririya ce, tsaf, ta tashi ta daɗe tana tafiya kafin ta ɓace. Ya ƙwanƙwasa na hagu, shi ma haka. Ya bi tsakiya, sama da ƙasa, ko'ina amsa ɗaya. A duk tukwanen da suka bi ta hannuna ba wadda ta kai ta lafiya.

Ya ɗaga mini gira yana tambaya.

Na girgiza kai.

"Ina?" in ji shi.

Na matsa kunnensa na ce, "Na hagu. Muryar ba ta tashi."

Ya sake bugawa, ya kara kunnen daman har yana taɓa ƙarfen. Na san ba abin da ya ji. Ya tsaya kaɗan. Sai ya kwance zaren, ya sa hannun rigarsa ya goge wurin da yatsunsa suka taɓa, ya goge sosai, ya fita. Na bi shi zuwa bayan labule.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba zan saya ba," in ji Malam. "Kuma amana ce in gaya maka. Ɗaurin hagu ya saki. Kada ka sayar wa kowa, kada ta cire wa wani hannu."

Dattijon ya dubi Malam, sannan ya ɗaga ido ya dubi labulen da nake bayansa. Na ja da baya. Na ji ya ce, da ƙarfi yadda Malam zai ji, "To, Malam, na ji. Na gode." Ya haɗa bindigarsa ya naɗe a bargo. Daga bakin ƙofa ya ce, "A gaida mutanen gida."

Na zaci da sun tafi zan sami sauƙi. Da yamma Malam ya dawo daga masallaci da ƙunshin tsire ya ajiye a gabana. Ya ce, "Ladan mai tukwane. Yau kin cece mini hannu." Na ci yanka ɗaya don yana kallona. Sauran na ce zan ajiye.

Bai sake ambaton bindigar ba. Sai dai ya rage magana, kuma ya daina zolayata. Bayan kwana huɗu ƙaninsa ya zo ya ce masara ta yi goyo, birai sun fara sauka. Washegari da hantsi na fito daga ɗakin girki na tarar Malam ya shimfiɗa buhu a inuwa, ya ɗauko tsohuwar bindigar tokan nan yana shafa mata mai. Ban taɓa duba ta da kyau ba sai ranar. Kusa da gindinta an naɗe bututun da waya, naɗi a kan naɗi, kuma daidai nan yake sa hannun hagu. Ya ce ranar Asabar zai kai ta gona.

Na tsaya ina kallon wayar. Na hana shi lafiyayya, ga abin da na bar masa.

Muna nan aka kira azahar. Na taɓa kafaɗarsa kamar kullum. Bai dubi rana ba, bai dubi komai ba, ya ajiye tsumman ya miƙe ya ɗauki buta. Da na ce masa ba a kira ba, da zai zauna. Da na ce masa gidan ya kama wuta ta baya, da zai fita da gudu. Haka mutumin nan yake rayuwa a kan maganata, kuma na sani tun ranar da na girgiza masa kai.

Da ya dawo daga masallaci na kama hannun rigarsa na ja shi ɗakin tukwane, na turo ƙofa. Wanda yake ji, ana iya gaya masa abin kunya a hankali, kai a sunkuye. Ni sai da na ɗaga kai na kai baki kunnensa. Na ce, "Malam, bindigar nan lafiyarta ƙalau. Ƙarya na yi maka." Muryata ta shaƙe, bai kama ba. Ya ce in sake. Na sake, bai kama ba. A na uku sai da na ɗaga murya sosai, har na ji maƙwabciyarmu ta tsayar da daka a bayan katanga.

Ya ja baya ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Malam ba mai faɗa ba ne.

"Me ya sa?"

"Don ba ka ji, Malam. Ina tsoron ka shiga daji ba ka ji."

Ranar ce farkon da wannan magana ta fito tsakaninmu, kuma da ƙarfi ta fito. Ya tsaya a cikin tukwanen nan ya daɗe. Sannan ya buɗe ƙofa ya fita.

Kwana biyun da suka biyo ba zan manta da su ba. Ya ci abincina, ya amsa gaisuwata. Amma ya buɗe akwati ya ɗauko tsohon agogonsa ya ɗaura. Tun kafin lokacin salla ya yi yake tafiya masallaci ya zauna yana jira, don kada in taɓa masa kafaɗa. Wata mata ta shigo sayen kasko ta gaishe shi ta yi masa doguwar magana a kan niƙanta, ya gyaɗa mata kai kamar yadda yake yi wa mutanen majalisa. Ta fita, na tsaya kusa ina jira ya ce me ta ce. Bai ce ba. Na shiga ɗaki na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

A rana ta uku bayan karin kumallo ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofar ɗakina.

"Hajiya, ɗauko hijabinki. Ke kika ɓata wa mutumin nan kayansa, ke za ki je ki gyara."

Muka tari keke mai ƙafa uku a bakin titi. Ban taɓa zuwa Tumfure ba sai ranar. Tafiya ce mai nisa, muka wuce cikin gari, gidaje suka fara raguwa, ga sababbin gine-gine ga gonakin masara a tsakaninsu. A wani rami keken ya girgiza na kusa bugewa da ƙarfe, Malam ya tare ni da hannu, sannan ya janye hannun ya ci gaba da kallon waje.

Ƙanin Malam ya riga ya kwatanta masa gidan. Matar dattijon ce ta buɗe mana, gajeriya mai tabarau. Ta sa mana kujeru a baranda ta kawo ruwa. Da mijinta ya fito aka gaisa, Malam ya ce, "Yallaɓai, iyalina tana da magana." Ya juyo ya dube ni.

Na sauka daga kujera na durƙusa. Na ce, "Baba, ni ce na ce bindigarka tana da tsaga. Ba ta da komai. Tsoro ne ya sa ni. Ka yafe mini."

"Tashi, Hajiya, tashi, ƙasan da sanyi," in ji shi. Sai da na koma kujera ya ci gaba. "Ai na ji kukan bindigar daga zaure. Duk layinku ma sun ji ta. Shekarun da na yi da ita, ko a barci na san muryarta. Da Malam ya fito ya ce ɗauri ya saki, sai na ce a raina, ko dai mutumin nan ba ya ji, ko kuwa a cikin gidan nan akwai wanda ba ya so. Duka biyun ba hurumina ba ne. Shi ya sa na naɗe kayana."

A hankali ya yi maganar. Malam yana ta kallon bakinsa, na ga bai kama ko ɗaya ba. Na ga ya fara shirin gyaɗa kai. Sai ya fasa. Ya juyo gare ni.

"Me ya ce?"

Hawaye suka zubo mini. Na matsa kunnensa na maimaita masa duka, ban rage komai ba, har wurin da aka ce ko mutumin nan ba ya ji. A gaban baƙi na faɗa, da ƙarfi.

Malam ya dubi dattijon. "Duka biyun ne, Yallaɓai."

Dattijon ya yi dariya har da buga gwiwa, matarsa ma haka. Malam ya yi tasa, wannan karon a kan lokaci.

Aka fito da bargon. Malam ya raba bindigar, ya nemi zare, matar gidan ta ba shi, ya rataye bututun a ƙusar baranda. Bai ce zai shiga ciki neman haske ba. Ya ce, "Mai tukwane, matso ki yi aikinki." Ya ƙwanƙwasa dama, ya ƙwanƙwasa hagu, ya bi tsakiya. Na ce masa lafiya take, ko'ina. Ya ce to, ya kwance zaren. Bai nemi dattijon ya tabbatar ba.

Da suka shiga ciniki matar ta ja ni bayan gida wai in ga kajinta. Ta ce, "Adda, 'yar'uwata, ni ce fa na matsa masa ya sayar. Hannu yana rawa, shi kuma kullum sai ya ɗauko yana shafawa. Ke kina korar ta, ni ina korar ta, ko ina za ta kwana?" Na tambaye ta yadda ta shawo kansa. Ta ce ba wata dabara, zama ta yi a gabansa kullum tana cewa tana tsoro, har ya gaji. Ta ba ni ƙwai a leda na taho da su.

Ba mu taho da bindigar ranar ba. Dattijon ya ce sai an gama takardu a wurin 'yan sanda, Malam ma haka yake so. Muka tsaya a bakin hanya muna jiran keke, rana ta yi zafi, ba inuwa. Nan Malam ya yi maganar, yana kallon titi.

"Hajiya, idan kina tsoro ki ce kina tsoro. Wannan zan iya ɗauka. Amma abin da kunnenki ya ji, ki ba ni shi yadda yake. Ba ni da wani."

Na ce na yi alkawari. Sannan na ce to ina tsoro, kuma ba zan daina ba. Ya ce ya ji. Daga ranar bai taɓa fita da bindiga shi kaɗai ba, sai da ƙaninsa yana tafe a damansa. Ƙanin yakan yi ƙorafi a kan yayan nasa ya ce, "Hamma ya mayar da ni kare, ni ne ji, shi ne harbi." Tsohuwar ta toka kuwa Malam ya kai wa maƙeri ya sare ta a gabansa. Masarar shekarar, kafin takardu su fito birai sun ci rabonsu, bai taɓa yi mini gori a kai ba. Zabuwar farko da ya harbo, Tumfure aka kai ta. Damina huɗu ya yi yana fita da bindigarsa. Yanzu tana wurin ƙanin nasa, shi ma sai da ya bi ta wurin hukuma.

Ciwon da ya ɗauke shi a ciki ya fara. Muka yi ta magani a gida, daga baya aka kwantar da shi a asibiti, aka yi gwaje-gwaje. Wata safiya likita ya zo ya tsaya a bakin gadon, ina zaune, 'yar nan tawa mai rubutu tana tsaye da ƙanin Malam. Likitan ya yi magana a hankali, da tausayi. Ya ce abin ya yi nisa, aiki ba zai yi amfani ba. Ya ce za su ba da maganin rage zafi, kuma idan muna so mu mayar da shi gida cikin iyalinsa, ya fi.

Malam yana kwance yana kallon bakin likitan. Ya rame sosai. Da likitan ya gama, ya juyo da kansa a kan matashi ya dube ni.

"Me ya ce?"

'Yata ta riƙe mini hannu ta matse. Ƙaninsa yana girgiza mini kai daga bayan gadon. Na san abin da suke so. In ce an ce da sauƙi, an ce ya ci abinci ya huta. Ni ma shi nake so in faɗa, Allah ya sani. Da zai yarda nan take.

Na zare hannuna. Na sunkuya na kai baki kunnen daman, na gaya masa abin da likita ya ce, duka, yadda ya faɗa. Sai da na faɗa sau biyu. Masu jinya a gadajen kusa suka yi tsit.

Ya lumshe ido, leɓɓansa suna motsi. Da ya buɗe sai ya ce, "Ke fa?"

Na ce, "Ina tsoro, Malam."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce wa ƙaninsa ya je ya nemo mota, gida zai koma. Ya ce a kira masa yara duka, da liman, akwai abubuwan da yake so ya faɗa tun yana da ƙarfin faɗa. Ya kwana goma sha ɗaya a ɗakinsa, ya gana da kowa, ya nemi gafarar wanda zai nema. Dattijon Tumfure ma ya zo da matarsa, suka zauna har la'asar.

'Yata ta daɗe tana jin zafin abin da na yi a asibitin, ba ta san dalili ba sai yau da take rubutawa. Ga shi ita ma tana kuka. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta, ya yafe mini kwana biyun nan da na sa shi zaman jira a masallaci.